Ga mai shirin jarabawar MDCN da karatu ya fita ransa

Ƙanena na ga saƙonka. Ka ce ka gama karatun likita a Masar ka dawo gida kana shirin jarabawar MDCN (hukumar rajistar likitoci ta Najeriya), wadda sai ka ci ta za a maka rajista ka fara aiki, amma yanzu ko littafi ka buɗe sai ka ji zuciyarka ta mutu, kana tambaya ya za'ayi karsashi ya dawo.

Toh ni dai a ganina zaman ɗaki ne ya maka yawa. Ka kulle kanka daga asuba har dare kai da littafi da waya, ga 'yan uwa kowa yana kiranka dakta kai kuma ka san ko farasitamol ba ka da izinin rubutawa, dole ranka ya dagule. Ka tashi ka nemi asibitin koyarwa ko janar da ke kusa da kai, ka roƙi izinin bin zagayen wod da safe, ka tsaya a baya da ɗan littafinka, duk wanda ka gani a gado shi ne karatunka na wannan daren, shikenan.

Misali ka shiga ɗakin haihuwa an kawo mace tana jijjiga jininta ya hau, ka ga an ɗauko magnesium sulphate, giram 4 ta jijiya a hankali, sai giram 5 a kowane ɗuwawu, goma sha huɗu kenan a tashin farko, daga nan ana ta duba numfashinta da yawan fitsari da bugun gwiwa saboda kar maganin ya mata yawa, wallahi in ka ga wannan da idonka ka koma gida ka karanta babin ba sai an roƙe ka ba, kuma ba zai fita kanka ba har ranar OSCE, wato jarabawar duba mara lafiya a aikace. Gani ya kori ji. Haka ɓangaren yara, yaro da maleriya mai tsanani ana ba shi artesunate ta jijiya yanzu, sai bayan awa 12, sai awa 24, ga sikila ga tamowa ga sanƙarau lokacin zafi. Ai abin da ke kan gadajen mu kenan, kuma nan ne ku da kuka yi karatu a waje kuka fi rauni, ba wai don ba ku da ƙoƙari ba, wasu cututtukan ne ba ku gansu da yawa a can ba.

Batun jadawali kuma dan Allah ka daina rubuta awa 14 a rana kana mannawa a bango, kwana biyu zaka yi ka fasa sai ka fara zagin kanka. Ka ƙirga da tambayoyi, yau 40 gobe 40, wadda ka faɗi ka bi ta ka gano dalili. Ka samu mutum biyu masu shirin jarabawar nan, ɗaya ya kwanta a matsayin mara lafiya ɗaya ya duba shi da agogo ɗaya ya yi maki, kuma da baki za ka dinga faɗa, don da yawa sun san abu amma gaban mai jarabawa sai baki ya ɗaure. Guruf ɗin WhatsApp da ake ta yaɗa wai mutum kaza suka faɗi bara, ka sa shi a shiru.

Ka yi barcinka, Juma'a bayan masallaci ka ajiye littafi ka je ka gaida dangi. Ran Litinin ka fara da ɗakin haihuwa, ka zo da farar rigarka da abin aunawa, kuma ka fara gaida sistar da ke kan aiki kafin ka taɓa fayil ɗin kowa.