Ku Tambaya Mu Amsa: Gogen Gado da Masu Haɗa Kayan Tsirkiya

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar mana goge. Fatar ta yage a gefe, gashin kuma duk ya tsinke. Na kai wa wani mai sayar da kayan gargajiya a kasuwa, ya ce zai ɗaura masa fatar akuya da zaren kamun kifi, in dawo gobe in karɓa. Ban dai saki jiki da maganarsa ba. Me kake gani? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Ɗana, je ka karɓo gogenka tun bai taɓa shi ba. Wanda ya ce maka ka dawo gobe, kayan ratayawa a bango yake haɗawa, irin wanda baƙi ke saya tsaraba. Wannan ma sana'a ce, ba na raina ta, amma ba ita kake nema ba.

Goge abu ne mai sauƙin kallo: rabin ƙwarya, sanda da ta ratsa ta, fata a baki, tsagiya wadda ita ce tsirkiyarsa, sai ɗan abin da ake kira jaki da ke ɗauke da tsagiyar a kan fata. Sauƙin nan ne ke ruɗin mutane. Tun da kayan ba su da yawa, kowane ɗaya da aka sauya sai murya ta tona asiri.

Fara da ƙwaryar, wadda masu abin ke kira kumbo. Ita ce dukiyar da mahaifinku ya bari, domin fata da gashi dama masu ƙarewa ne, ana sauya su a rayuwar kowane goge. Ka ɗaga ta a rana ka duba ko ta tsage, musamman inda sanda ta shiga da inda ta fita, ka kuma duba ko ƙwaro ya huda ta. Ka ƙwanƙwasa ta da farce. In ta amsa tangaran, tana da rai. Mai haɗa goge na gaske yakan juya ƙorai da yawa a kasuwa yana ƙwanƙwasawa kafin ya ɗauki guda, saboda wadda ta nuna sosai a gona, ta yi kauri, ta bushe a hankali yake nema. Tsohuwar ƙwarya da ta shekara talatin ba ta fashe ba ta riga ta ci jarrabawar da sabuwa ba ta zauna ba tukuna.

Sai fata. Ta guza ake so, wasu kuma su sa ta damo. Dalili shi ne siririya ce amma da ƙarfi, ba ta da gashi, kuma in ta bushe a ɗaure takan yi tauri ta riƙe. Karkarwar tsagiya na bi ta jaki ta sauka a kanta, ita kuma ta watsa ta cikin ƙwarya, sautin ya fito ta ramin da aka yanke a jikin fatar. Fatar akuya ma tana kiɗi, ban ce ba ta yi ba, amma ta fi nauyi kuma ta fi saurin saki in ta sha laima, sai ka ji gogen kamar mai mura. A jiƙe ake ɗaura fata, a ja ta ko'ina daidai, a kafe ta a bakin ƙwarya, a ajiye a inuwa ta bushe da kanta. Bushewar ce ke ƙarasa ja. In aka yi gaggawa aka shanya a tsakiyar rana, ko dai ta yage ko ta murɗe bakin ƙwaryar. Ka ga inda alkawarin gobe ya rushe.

Zaren kamun kifi kuwa, a garaya ko gurmi da ake kaɗawa na yarda, yawancin makaɗa ma shi suke sawa yanzu. A goge ban yarda ba. Tsagiya tarin gashin wutsiyar doki ce, haka ma izgar da ake gogawa a kai. Gashin yana riƙe ƙaron da ake shafa masa, shi ya sa izga ke kama tsagiya ta saki, ta kama ta saki, da saurin da ido ba ya gani. Wannan kamu da saki shi ne kukan goge, har da 'yar dusashewar nan da ta sa yake kama da muryar mutum. Zaren roba guda ɗaya sumul ba zai ba ka ita ba.

Wa za ka kai wa? A ƙasar Hausa ba kasafai za ka ga rumfa da allo an rubuta mai haɗa goge ba. Makaɗin ne yakan haɗa nasa, ko kuwa ya san wani dattijo da ke haɗa wa duk makaɗan yankin. Ka nemi waɗanda suka yi kiɗa da mahaifinku, ka tambaye su wa ke ɗaura musu fata. In ka samu mutumin, ka ce ya goga maka nasa ka ji kafin ku yi ciniki. Idan kuma gogen ya dawo hannunka, kada a riƙa taɓa gashin izga da hannu mai maiƙo, kada a jingine shi a ƙasa don gara, da damina kuma a ɗan nuna wa fatar ɗumi daga nesa kafin kiɗi.

Tambaya: Na ji a rediyo an ce an sayar da gogen Turawa guda ɗaya miliyoyin daloli. Me ke cikinsa haka? Kuma da gaske ne daga gogenmu suka kwaikwaya? Daga wata malamar makaranta a Damagaram.

Amsa: Malama, labarin gaskiya ne. A 2011 an yi gwanjon wani bayolin, wato gogen Turawa, da Antonio Stradivari ya haɗa a 1721, aka saye shi kusan dala miliyan 16, aka sa kuɗin a agajin girgizar ƙasar Japan. Stradivari mutumin garin Kirimona ne a arewacin Italiya, ya rasu a 1737, kuma kayan kiɗan da suka fito daga hannunsa wajen 650 ne suka rage a duniya. Aikin ba wasa ba ne: bayolin guda ya haura guntaye 70 na itace, ana sassaƙa fuskarsa daga itace mara nauyi na dazuzzukan sanyi, bayansa daga mai tauri, a kankare har sai kaurin ya dawo 'yan milimita.

Amma kada ki ɗauka miliyoyin nan duk kuɗin murya ne. An yi gwaji a Amurka a 2010, aka sake a Faris a 2012, inda aka sa wa ƙwararrun makaɗa tabarau mai duhu aka miƙa musu tsofaffin bayolin na Italiya da sababbi a gauraye. Ba su iya rarrabewa ba, da yawansu ma sabo suka zaɓa. Abin da attajirai ke saya shi ne suna da tarihi. Stradivari yakan manna 'yar takarda a cikin kowane aiki nasa, da sunansa da garinsa da shekara. Garin Kirimona ya buɗe makarantar koyon sana'ar a 1938, UNESCO kuma, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2012. Mu kuwa muna tuna Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu, muna tuna Haruna Uji da gurminsa, amma tambayi mutum goma wa ya zaɓi ƙwaryar ya ɗaura fatar, ki ga ko ɗaya zai amsa. Wannan ya fi ƙona min rai a kan bambancin farashi.

Batun kwaikwayo, a'a, babu hujjar haka, kuma ba mu bukatar wannan da'awar. Masana sun fi danganta goge da bayolin duka da dangin rababa, gogen Larabawa. 'Yan'uwan gogenmu na kusa suna nan kewaye da mu: gonje na Dagomba a arewacin Gana, goje na Zabarmawa, da imzad na Buzaye, wanda mata ne ke goga shi, shi ma UNESCO ta karɓe shi a 2013.

Tambaya: Mun yi gardama a majalisa. Na ce da gwangwanin kifi ake yin kuntigi, abokaina suka ce raini ne. Raba mu. Daga wani direba a Bukur.

Amsa: Direba, kai ka ci, su saya maka shayi. Ana yin kuntigi da ɗan gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, a rufe shi da fata, a zura siririyar sanda, a ɗaura tsirkiya guda. Da irinsa marigayi Ɗanmaraya Jos, ɗan garinku, ya zaga duniya har ya rasu a 2015. Ba raini a ciki. Gwangwani ba ya fashewa kamar ƙwarya, ga shi da amo mai kaifi da ke ratsa hayaniyar tasha. Gwanintar tana wajen jan fata da zaman jaki, domin a abu ƙarami haka, matsar da jaki kaɗan yakan sauya muryar gaba ɗaya.

Tambaya: Ɗana ya gama sakandare, hannunsa na da kyau a sassaƙa, yana so ya koyi haɗa garaya da molo. Akwai ci a wannan hanya, ko in hana shi? Daga wani uba a Katsina.

Amsa: Alhaji, ba zan yi maka daɗin baki ba: a yau da wuya garaya kaɗai ta riƙe gida. Fiyano da situdiyo sun cinye yawancin bukukuwa, makaɗan tsirkiya sun ragu, wanda ya sayi garaya ɗaya kuma yakan daɗe bai dawo ba. Amma hana shi ba dabara ba ce. Ka bar shi ya riƙe sassaƙar turmi da kujera da ƙota ta ciyar da shi, wannan kuma ya zama fannin da za a san shi da shi.

Ya dace da zaɓinsa ma, domin garaya da molo aikin masassaƙi ne tun asali. Ba ƙwarya ba ce jikinsu kamar gurmi, itace guda ake rarakewa, na garaya mai tsirkiya biyu, na molo dogo kamar kwalekwale mai tsirkiya uku. In bangon ya yi kauri sauti ya mutu, in ya yi siriri ya tsage lokacin da fata ta ja. Gizago ne ke wannan aikin, amma kunne ne ke cewa a tsaya. Saboda haka sharaɗina ɗaya: ya koyi kaɗawa, ko da ba zai taɓa fita fili ba. Wanda bai iya kiɗi ba bai san lokacin da ya gama aiki ba.

Kuma ya hanzarta zuwa wajen tsofaffi. A Nijar, biram, kayan kiɗin Buduma masunta na tafkin Chadi mai tsirkiya biyar, ya kusa ɓacewa saboda gwani ɗaya ya rage, Bukar Tar. A 2002 marigayi Malam Maman Barka, wanda ya riga ya yi suna da gurmi, ya samu tallafin UNESCO ya je ya durƙusa gabansa ya koya, daga nan ya fita da biram har Turai. Garaya ba ta kai wannan hali ba, tana nan hannun maharba da 'yan farauta, kuma nan zan tura yaron ya fara. Ya tafi da goronsa, ya yi haƙuri da aiken da za a yi ta yi masa kafin a bar shi ya taɓa fata. Duk wadda ya gama, ya ƙona sunansa da garinsa da shekarar a cikin itacen kafin ya rufe.