Aurena ya mutu, ina son haɗa liyafar Sallah da ƙawayena, kuma akwai mai nemana

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Aurena ya mutu bayan shekara tara, ina da yara biyu, yanzu ina gidan iyayena a Kano. Ina son haɗa 'yar liyafa da daddare a kwanakin Babbar Sallah, in ƙawata tsakar gida da fitilu da furanni, ƙawayena su zo da mazajensu. Akwai wani bawan Allah da ya nuna yana sona, ina son ya zo su gan shi. Gwaggona ta ce bazawara ba ta tara jama'a, wai za a ce murnar mutuwar aure nake yi. Shin akwai laifi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sa rabuwar ita ce mafi alheri, Ya raya miki yaran.

Ba ki faɗi ranar da aka yi sakin ba, kuma a nan maganar take. Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 228 ya ce waɗanda aka saka su yi jira na "ƙuru'i" uku. A mazhabar Malikiyya da muke bi, tsarki ake ƙirgawa. Idan an sake ki kina cikin tsarki, wannan tsarkin shi ne na farko, kuma iddarki ta cika da zarar kin ga jini na uku. Mai ciki sai ta haihu, wadda ta daina ganin al'ada kuma wata uku ne, kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 4. Ki ɗauko takardar sakin ki duba kwanan wata, ki ƙirga da kyau, ki kuma tabbatar bai yi kome ba. Idan saki ɗaya ne ko biyu kuma idda ba ta cika ba, har yanzu ke matarsa ce, yana iya mayar da ke ba tare da sabon sadaki ba. A wannan hali babu namijin da ya halatta ya neme ki, ko a fili ko da shaguɓe. Malikiyya sun tsananta ƙwarai a nan: wanda ya ɗaura aure da mace tana cikin idda har ya tare da ita, za a raba su, kuma ta haramta gare shi har abada. Saboda haka idan da saura ko kwana biyu ne, ki ɗage maganar manemin nan gaba ɗaya.

Idan kuwa kin fita, to ba abin da ya hana ki kwalliya, ba abin da ya hana ki ciyar da mutane. Subai'atul Aslamiyya, matar Sa'adu ɗan Khaula, mijinta ya rasu a Hajjin Ban-kwana tana da ciki. Ba a daɗe ba ta haihu, da ta yi tsarki sai ta yi ado saboda manema. Wani sahabi, Abus Sanabil, ya ce mata ba ta da ikon aure sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ta je ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce ta fita idda tun ranar da ta haihu, ta yi aure idan tana so. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wannan fa mai takaba ce, balle ke da aka saka. Zancen "bazawara ba ta taro" al'ada ce kawai, al'adar ma ba ta kowa ba. A Mauritaniya, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya irinmu, mata kan yi wa wadda ta fita idda taro da lalle da kiɗa, don a san ta dawo cikin masu auruwa.

Sai dai kada ki watsar da maganar Gwaggo kamar ba ta san abin da take faɗa ba. Ta san unguwa, ta san bakin mutane, kuma tsoro take ji miki. Ki je ki same ta har ɗakinta ki ce, "Gwaggo, ƙawayen da suka tsaya mini lokacin da nake kuka nake son ciyarwa, kuma ina son ke ce za ki yi mana wainar." Wadda aka ba wa tanda a hannu ba ta fita ta kushe taron.

Abin da ban goyi baya ba shi ne ki haɗa abu biyu a dare ɗaya. Liyafar ƙawaye daban, gabatar da manemi daban. Idan ya zo ya zauna cikin fitilu da furanni, ƙawaye suna tsokana, mazajensu suna kiransa "ango", kafin gari ya waye hotonku ya zagaya WhatsApp, alhali Baffanki bai san da shi ba. In abin ya ɗore, kin ɓata wa waliyyanki rai a banza. In bai ɗore ba, ke za ki zauna kina amsa tambayar "ina mutumin nan na ranar Sallah?" Shi ba wanda zai tambaye shi. Gaskiya ne hadisin Muslim ya ce bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta, wato ba a aurar da ke sai da yardarki a bayyane. Amma waliyyi ne dai zai ɗaura, don haka ta ƙofarsa ya kamata mutumin ya fara shigowa. Ya zo gaisuwar Sallah da rana, ya gaida su Baba a zaure, ya gaida Hajiya. Namijin da yake da niyyar aure ba ya jin nauyin wannan. Wanda ya ce shi dai ya fi son zuwa da dare cikin abokai, ki sa masa ido.

Idan ya riga ya gabatar da kansa an kuma ba shi izinin zuwa zance, to ba laifi ya leƙo, ya zauna wajen maza tare da Yayanki, ya ci abinci, a gaisa, ya tafi da wuri. Mazajen ƙawayenki su ne ma za su fi amfanar ki a nan, domin namiji yakan gane abin da ɗan'uwansa yake ɓoyewa a hirar awa ɗaya. Keɓewa ku biyu a ɗaki ko a mota ce aka hana, kamar yadda hadisi ya zo cewa kada namiji ya kaɗaita da mace sai da muharraminta. Kuma tun kafin zuciya ta yi nisa, ki sani a Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jinin da ke jawo sikila. Gara a yi shi da wuri.

Akwai kuma yaran. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, renon yakan koma hannun kakarsu ta wajen uwa. Ki zauna da Hajiya ku yi wannan magana tun yanzu. Kada kuma yara su ga baƙon namiji a karon farko ana yi masa guɗa. Yaro yana kai labari gidan ubansa ba tare da ya san ya kai ba, kuma hoto ɗaya ya isa ya tayar da rigimar da za ta kai ku gaban alƙali.

Game da taron kansa, ki rage shi. Ƙawaye biyar ko shida, waɗanda ba sa kai magana gidan tsohon mijinki. Idan akwai wadda mijinta abokinsa ne, ki kira ta ki faɗa mata gaskiya, ki ba ta zaɓi, kada ki saka su a tsaka mai wuya. Ki guje wa ranar Sallah da kashegari, kowa yana fama da yankan layya da suya da gaishe-gaishen dangi. Rana ta uku ko ta huɗu ta fi, a fara bayan Magariba a tashi kafin goma. Waina da miyar taushe, soyayyen nama, zoɓo da kunun aya sun wadatar. Ki shimfiɗa darduma, ki sa turaren wuta, ki rataya fitilunki masu caji saboda ɗaukewar wuta, ki yi lallenki ki saka ɗinkin da kike so. Kada ki ci bashi saboda dare ɗaya, kina buƙatar kuɗin nan a watanni masu zuwa.

Ki roƙe su abu biyu tun a waya: kada a ɗora hoto ba da izininki ba, kuma kada a kawo zancen tsohon miji. Ƙawaye sukan zage shi don su faranta miki, amma uban 'ya'yanki ne, kuma ke ce za ki kwana da ɗacin maganar bayan sun watse. Ki tambayi kanki ma: da a ce ba zai taɓa jin labarin liyafar nan ba, za ki yi ta? Idan amsar e ce, ki je ki auno shinkafar waina. Idan kin ji sha'awar ta ragu, ki bar ta zuwa Ƙaramar Sallah mai zuwa, yanzu ki kira aminanki biyu ku ci nama a ɗakinki.