Malamanmu ba su iya solfej ba, ta yaya za su koyar da waƙa a aji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direktiris ce a wata lakwal ta firamare nan cikin Zinder, an ɗora mini in jagoranci zaman CAPED ɗinmu na gaba, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, a kan darasin waƙa. Malamanmu babu wanda ya iya solfej, wato karanta alamomin waƙa da rubuta su, ba mu da kayan kiɗa ko guda, wani ajin kuma yaran sun fi 80. Abin da ake yi dai mushe, wato malami, ya rubuta waƙa a tabulo, ya rera, yara su yi ta maimaitawa har a tashi. Na ji ana zancen wata hanya da ake barin yara su ƙirƙira da kansu. Ta ina zan fara da malaman?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Ki kwantar da hankalinki a kan maganar solfej da kayan kiɗa, ba su ne matsalarku ba. Hanyar da kika ji labari ina kyautata zaton ta Carl Orff ce, wani mawaƙin Jamus da ya rasu a 1982. Shi da abokiyar aikinsa Gunild Keetman suka fitar da littattafai biyar na kiɗan yara tsakanin 1950 da 1954, daga baya a 1961 aka buɗe cibiyar horar da malamai a kan wannan hanya a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya. Tushenta shi ne yaro ya fara da magana da tafi da motsin jiki da wasa, ya kwaikwaya, ya gwada, ya ƙirƙiro nasa, rubutun waƙa sai can baya. Kuma shi kansa Orff bai so a kwashi waƙoƙin Jamus a kai wa wasu ba, kowace ƙasa da waƙoƙin yaranta take aiki. Zoltan Kodaly, wani masanin kiɗa na ƙasar Hungari, shi ma ra'ayinsa ke nan, yaro ya fara da waƙoƙin gidansu kamar yadda ya fara da harshen uwa.

To mu nan Damagaram me muka rasa? Ki tsaya bakin ƙofa lokacin hutu ki kalli 'yan matan CE1, wato aji uku, suna gaɗa, ga mai bayarwa ga 'yan amshi, tafi bai kuskure, wata ta sako sunan ƙawarta cikin baiti nan take a kwashe da dariya a ci gaba. Ƙirƙirar da ake magana ke nan. Yaran sun iya, mu ne idan an shiga aji muke cewa su naɗe hannu.

Saboda haka ranar zaman, don Allah kar ki tsaya gaban tabulo kina bayanin hanyar, wannan shi ne kuskuren da na fi gani, a tara malamai a yi musu lacca ta awa uku a kan yadda ba a yi wa yara lacca, kowa ya cika kaye da rubutu ya koma aji ya ci gaba da abin da ya saba. Malami yadda aka koya masa haka yake koyarwa. Ki sa a ture tebura gefe, a yi da'ira, ke ma ki shiga ciki. Ki fara da sunaye, kowa ya faɗi sunansa yana tafa gaɓoɓinsa, sauran su amsa masa daidai yadda ya yi. Daga nan ki shigo da kalmomin kasuwa, gero tafi biyu ne, tattasai uku, ƙuli-ƙuli huɗu masu sauri. Ki raba su gida uku, kowane gida ya riƙe kalmarsa yana maimaitawa ba tsayawa, wasu da tafi, wasu da bugun cinya, wasu da taka ƙasa, ke kuma ki riƙe musu bugun da ba ya canjawa a bayan ƙwarya. Kafin minti goma za su ji kiɗa mai hawa uku ya fito daga jikinsu, ba a sayi komi ba. Hausa ta yi mana gata a nan, tana da gaɓa doguwa da gajera, tana da hawa da saukar murya, shi ya sa kalangu ke iya magana, kalmar da kanta tana zuwa da rabin karin waƙarta.

Sai wurin da ya fi muhimmanci, wanda kuma malamai suka fi jin tsoro. Ki ba kowane rukuni na mutum biyar ko shida karin magana guda ko kacici-kacici, ki ce kafin minti bakwai su mai da shi ɗan wasa mai amshi da tafi da motsi, su zo su nuna. Kar ki gyara musu suna cikin yi. In sun gama ki tambayi sauran me kuka ji, ina ne ya yi daɗi, me za a ƙara. Sai bayan sun yi da jikinsu ne za ku zauna ku warware, me na fara yi, yaushe na yi shiru, a ina kuka fara yanke shawara da kanku. Daga wannan hirar kowa zai rubuta fish ɗin darasinsa, wato takardar shirin darasi, ba ke za ki ba su a shirye ba.

Za ki gamu da kunya, musamman wajen maza manya. Wani zai ce miki shi ba maroƙi ba ne, kiɗa ba gadon gidansu ba ne, kuma kin san yadda abin yake a ƙasarmu, ba za ki kawar da shi da gardama ba. Ni dai ba na sa kowa ya rera shi kaɗai a zaman farko, tare ake yin komi, kuma ina farawa da magana da tafi tunda ba wanda ke jin nauyin su. Iyaye ma haka, akwai gidajen da ba sa son zancen kiɗa don addini, ki girmama wannan, ki zaɓi waƙoƙi masu tsabta na ƙidaya da gaisuwa da wanke hannu da tatsuniya, ki gayyaci wakilan iyaye su ga darasi guda da idonsu.

Maganar yara 80 gaskiya da wuya, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke ceto shi ne alamar tsayawa, a koya ta tun ranar farko a matsayin wasa, malami ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, wanda ya makara ya zama mai ɗaga hannu na gaba. Layin benci ya zama rukuni, kuma in ɗaki ya yi zafi ko maƙwabta za su damu a fita ƙarƙashin bedi da sanyin safiya. Kayan kiɗa kuwa ƙwarya, gwangwanin tumatir da tsakuwa, karan dawa, shantu in an samu mai ara. Ba sai kowa ya riƙe ba, guda goma na zagayawa sun isa, kuma kar a raba su sai yaro ya iya bugun da hannunsa.

Solfej ba haram ba ne, amma ya biyo baya. In yara sun ƙirƙiri kiɗansu suna son su tuna shi gobe, su da kansu za su nemi yadda za a ajiye shi, a nan malami zai ja dogon layi da gajere a tabulo, rubutun waƙa ya fara ke nan.

Ki roƙi kowane malami ya tambayi yaran ajinsa waƙar wasa guda biyu, ya koya daga bakinsu, ya ɗauka a waya in da hali, ya kawo zaman da ke tafe tare da labarin abin da ya gwada da inda ya cije. Kafin nan ki haɗa su bibbiyu, wannan ya shiga ajin wancan ya kalli darasi ko na minti 20 ne, ba don ba da maki ba.