Bashin kati da bashin karatu: wanne zan fara biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a wata jami'a a birnin New York, iyayena 'yan Zangon Kumasi ne da suka daɗe da zama a unguwar Bronx. Gwamnatin Amurka tana bina bashin karatu na dala 9,000, sannan akwai dala 2,400 a kan katin bashin da na karɓa bara, wanda kuɗin ruwansa kashi 24 ne cikin ɗari a shekara. Ina aiki a wani kanti bayan lacca, kuma abin da ke rage mini a wata bai wuce dala 250 ba. Wanne zan fara biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da katin, ko da yake shi ne ƙarami, domin lissafi ne zai nuna maka inda gobarar take. Kashi 24 a shekara yana nufin kashi 2 a kowane wata, wato dala 48 ke nan ake ɗora maka a kan dala 2,400 ɗin nan duk wata. Shi kuwa bashin karatu na gwamnati, wanda aka sa wa masu digiri na farko kashi 6.53 a zangon 2024 zuwa 2025, ruwan dala 9,000 ɗinsa bai wuce dala 49 ba a wata. Ka ga ke nan ƙaramin bashin yana ci maka kusan daidai da abin da babban ke ci, alhali babban ya kusa ninka shi huɗu.

Bayan haka, bashin karatun ba ya neman ko sisi a hannunka yanzu, domin sai wata shida bayan ka kammala, ko ka bar makaranta, ko ka rage darussanka ƙasa da rabin lokaci, sannan biya zai hau kanka. Ka shiga shafinka na hukumar tallafin ɗalibai ka duba irin wanda aka ba ka, saboda akwai nau'in da gwamnati ke ɗauke wa ɗalibi ruwansa muddin yana makaranta, akwai kuma wanda ruwansa ke taruwa tun ranar da aka fitar da kuɗin.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne mafi ƙarancin biyan da banki ke rubutawa a takardar wata. Idan an rubuta maka dala 70, ka biya, hankalinka ya kwanta, to dala 22 kacal ka zaftare daga uwar kuɗin, sauran ruwa ya cinye. Dokar katin bashi ta 2009 ta tilasta wa bankuna su rubuta a jikin takardar tsawon lokacin da za ka ɗauka idan ƙaramin biyan kaɗai kake yi. Ka nemo ɗan akwatin da aka rubuta wannan a cikinsa ka karanta, mutane da yawa ba su taɓa kallonsa ba.

Shawarata ita ce ka cire katin daga aljihunka, ka goge lambarsa daga wayarka da shafukan saye-saye, sannan ka riƙa zuba masa dala 200 duk wata, ka ajiye 50 a gefe saboda larura, don kada lalacewar kwamfuta ko kuɗin littafi su sake kora ka gare shi. A haka cikin wata 14 za ka fita. Kada kuma ka bari biya ya wuce lokacinsa da kwana 30, domin za a shigar da shi tarihin bashinka ya zauna har shekara bakwai, kuma a Amurka masu gidajen haya da yawa suna duba wannan tarihin kafin su ba mutum makulli.

Game da riba, wadda na san za ta dame ka ko da ba ka ambata ba, wanda ke biyan duk abin da ya saya kafin ranar da aka yanka masa ba a ɗora masa ruwa, amma malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar kanta, sai ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya, kuɗin rajista ya gagare ni. Ƙawata ta ce in ci bashi a manhajar waya, ya fi sauri a kan jiran NELFUND, asusun gwamnatin Najeriya na ba ɗalibai rance.

Amsa: 'Yata, kada ki kusanci manhajar. Rancen NELFUND, wanda aka buɗe wa ɗaliban makarantun gwamnati a watan Mayun 2024, ba shi da kuɗin ruwa, ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, mai neman kuɗin kashewa kuma yana samun naira 20,000 a wata. Biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa, da kashi 10 cikin ɗari na albashi. Manhajojin nan kuwa kwanaki ko makonni suke bayarwa da ruwa mai tsada, wasu har sukan aika wa mutanen da ke cikin wayarki saƙon cin mutunci idan kika makara. Ki cike takardun rancen yau, sannan ki je ofishin kula da harkokin ɗalibai da shaidar kin nema, ki roƙi a ɗaga miki ƙafa a kan rajistar.