Maki 312 Zai Kai Ɗiyata Likitanci?

Tambaya: Malam, ɗiyata ta ci maki 312 a JAMB, WAEC ɗinta kuma A da B ne zalla. Likitanci take so a Jami'ar Jos. In sa rai?
Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, 312 cikin 400 ba wasa ba ne. Sai dai ƙofar likitanci ƙarama ce, majalisar likitoci ta ƙasa ke ƙayyade yawan ɗalibai. Jami'o'in tarayya kuma wajen rabon guraben karatu suna ba cancanta kashi 45 cikin ɗari, jihohin yankinsu 35, jihohin da ke baya a boko 20, don haka jiharta ta asali ma abin dubawa ce. Ni dai ina ganin tana da dama. Ta dage wa tantancewar jami'ar, ta riƙa leƙa shafinta na CAPS, wato shafin JAMB na intanet inda ɗalibi ke duba ko an ba shi gurbi.