Sunan da ke ƙofar ɗakin kwananku

Ɗiyata, saƙonki ya same ni bayan la'asar, na kuwa yi murna da kika samu gado a Nana Hall, can tsohon mazaunin Jami'ar Bayero. Kin ce abu ɗaya ya ɗaure miki kai: a gida nan Jega ba mu barinku ku kama sunan manya gatsau, ƙanwarki ma da ta ci sunan Inna har yau Uwani muke ce mata, amma ga sunan ɗiyar Shehu a bakin kowa, har masu wanki da masu tallar awara. Kika ce, "Gwaggo, wannan ba raini ba ne?"

Ba raini ba ne. Wannan Nana da kike ji, ai ita ce sakayawar. Sunanta na yanka Asma'u. Haka muke yi wa mutanen gidan nan gaba ɗaya: mahaifinta Usmanu mu ce Shehu, yayanta Bello mu ce Mai Wurno, shi ya sa duk Usman ɗin da kika sani ake kiransa Shehu. Kuma mu Hausawa ba mu ɓoye sunan wanda muke ƙauna a akwati. Mayar da shi muke yi, mu raɗa wa jariri ranar suna don kada ya ɓace daga gida. Jami'ar kanta haka ta samu nata. A 1960 ta fara da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962 sai aka mayar wa kwalejin ta Kano da sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

Abin da zai dame ni shi ne ki kwana shekara huɗu a ƙarƙashin sunan nan ba ki san mai shi ba. An haife ta a Degel a 1793, 'yan biyu ne ita da Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta kuma zauna nan Gwandu tamu tare da mahaifinta kafin a koma Sifawa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta rasu a 1864.

Amma ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne 'yan taru. Ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa gaban malami, sai ta zaɓi dattijai mata masu natsuwa, ta naɗa su jaji, ta ɗora musu malfa da jan ƙyalle. Su zo wurinta su haddace waƙoƙin tsarki da salla da zaman aure, su koma su koyar a tsakar gida.

Na riski wata jaji ina yarinya, a ƙauyen kakata. Tsohuwa ce 'yar firit, malfarta duk ta sha hayaƙi, bakin ya fara warwarewa. Bayan kaka mata sukan taru a gidanta da ƙoren gero da man shanu a kwalba, sadakar da za a kai Sakkwato. Tana jan baiti suna amsawa, mai daka ma daga bayan danga tana amsawa da taɓarya a hannu. Kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma farillan alwala a waƙe ta koya mini, daga bakin tsohuwar nan ta ɗauko su. Da mahaifinki ya yi ta waswasi kan tafiyarki Kano, wannan labarin na tuna masa, ya yi shiru, washegari ya nemo kuɗin rajista.

In kin zo hutu ki tuna mini mu leƙa Sakkwato. Kabarinta na nan a Hubbare, kusa da na mahaifinta, mu yi mata addu'a. Ki gaishe mini da abokan ɗakinki, kuma ki tambaye su ko akwai wadda ta san jaji a garinsu.