Likita, yaya zan kwatanta gajiyar da nake ji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan kullum a gajiye nake. Na je asibiti na ce gajiya ke damuna, sai aka ce in riƙa hutawa. Na fito ina jin ba a fahimce ni ba. Me ya kamata in faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki. Gajiyar wata huɗu ba abin da za a sallama da "je ki huta" ba ce, ki koma asibiti.

Matsalar ita ce kalmar gajiya tana ɗauke da abubuwa da dama, kuma kowanne hanyarsa daban. Wani ya ce min ya gaji, da na bi diddigi sai in tarar gyangyaɗi yake nufi: yana zaune ana hira barci ya sace shi, matarsa kuma ta ce da daddare yana minshari har numfashinsa ya ɗauke. Wannan matsalar barci ce. Wata kuma haki take nufi, ta hau bene ta tsaya a tsakiya tana dafe da ƙirji, nan sai in tuna da ƙarancin jini ko zuciya. Akwai mai cewa "jikina ya mutu", amma ƙarfinsa na nan, sha'awar komai ce ta fita daga ransa. Sau da yawa wannan ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne na gaske da ake yi wa magani. Raunin gaɓoɓi, inda hannu ya kasa ɗaga abin da ya saba ɗagawa, shi ma daban ne.

Don haka kada ki tsaya a "na gaji". Ki faɗi abin da kike iya yi a da, wanda yanzu ya gagare ki. "Da nakan gama wanki a tsaye, yanzu sai na zauna sau uku" ya fi min amfani nesa ba kusa ba. Ki faɗi lokacin da abin ya fara, ko da ita kike tashi da safe ko sai yamma take sauko miki, da ko barci yana rage ta. Ki tafi da duk magungunan da kike sha, don wasu na mura da na hawan jini suna kashe jiki.

Idan jinin al'adarki yana zuba da yawa, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. Mata da yawa kunya kan hana su, alhali wani lokaci nan amsar take. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mace marar ciki a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12, namiji kuma 13. Banda wannan, akan duba suga, ƙoda, hanta da aikin glandar tayiroid da ke maƙoshi.

Idan kuma akwai rama ba dalili, zazzaɓi mai dawowa, zufa da daddare, tari na fiye da mako 2 ko jini a bayan gida, kada ki jira, a gan ki cikin wannan makon.